Shekarar da Ɗan Farina Ya Koya Mini Turanci

Na ji abin da kuke faɗa a ɗakin Sadiya ranar sunan 'yarta, kuna zaton barci ya ɗauke ni. Wai Umma ba ta son Yaya kamar yadda take son sauranmu, ko sunansa ba ta iya kira, in ya shigo gaishe ta sai ta juya tana gyara abin da yake a gyare. Ban tanka muku ba, domin gidan suna ba wurin yanke hukunci ba ne. Amma na riƙe maganar, kuma tunda na zauna rubuta muku abin da na sani na rayuwata, wannan babin naku ne, ku masu bakin da ba ya gajiya. Ku karanta shi har ƙarshe kafin wata ta sake buɗe baki a kaina.

A gidanmu da gidan babanku, ɗan fari ba na uwarsa ba ne a idon jama'a. Ba ta kiran sunansa, ba ta zama hira da shi, ba ta yabonsa, in ana yabonsa a gabanta sai ta tashi ta ba da wuri. Haka uwata ta yi da babbar yayarmu, haka na tarar, haka na yi, kuma har yau ban ga laifin abin ba. Ranar da aka yaye yayanku, Inna, kakarku ta wajen uba, ta zo ta ɗauke shi ta kai ɗakinta da ke can ƙarshen tsakar gidanmu na Sandamu. A bayanta ya girma, ita yake kira Inna, ni kuma yana kirana Malama kamar yadda duk garin ke kirana. Ni ma na samar masa suna, ina ce masa ɗan Inna. In ina da saƙo gare shi sai in faɗa wa Inna, in ba ta nan in faɗa wa bango da ƙarfi yadda zai ji. Abin da ya rage mini shi ne kwanonsa. Kullum in na zo rabon abinci, tsokar da ta fi kowace girma nakan tura ta ƙarƙashin tuwonsa in rufe da miya, in miƙa wa Inna ina kallon wani wuri. A nan ma ɗan Inna zan riƙa rubutawa, ko a inda wasu suka kira shi da sunansa, har mu isa wurin da babu makawa.

Kun san ni malamar aji biyu ce a firamaren garinmu, amma ba ku san takardata tana da rami ba. Na fito daga makarantar horon malamai mata na ci komai, sai Turanci kaɗai ya kayar da ni. Na koma na sake zama, ya sake kayar da ni, na sake, ya sake, har na haƙura na ce ni da shi sai a lahira. Ba wai ba na jin Turancin ba ne. Ina karantawa, ina koya wa yara haruffa da sunayen dabbobi, amma akwai wani sashe na jarrabawar da ke cinye ni kullum. Za a ba ka jimla da gurbi a tsakiya, a ajiye maka kalmomi biyu masu kama da juna kamar 'yan biyu, ɗaya tana siffanta abu, ɗaya tana bayyana yadda aka yi aiki, a ce ka zaɓi wadda ta dace. In na ga good da well, ko hard da hardly, sai kaina ya ɗauki zafi, in rufe ido in yi bisimilla in zaɓa. Daga nan hankalina ya tashi ke nan, sauran tambayoyin ma sai in ɓata su.

Shekarun farko da aka ƙaddamar da Shari'a a jiharmu, mun yi murna ƙwarai, ni da kaina na yi kunun zaƙi na raba wa maƙwabta. A cikin wannan lokaci ne hedimastanmu ya kira ni ofis, ya ce umarni ya zo daga sama, duk malamin da takardarsa ba ta cika ba ya cike ta a zaman jarrabawa mai zuwa, in ba haka ba a sallame shi. Ya faɗa mini yana kallon tebur, domin ya san ni na koya wa 'ya'yansa duka karatu. Na fito na tsaya a ƙofar ajina ina kallon yara suna rera ɗaya, biyu, uku, na ji kamar an ce mini za a raba ni da ɗakina. Ina son aikin nan fiye da yadda zan iya gaya muku. Sai na shiga wani ajin yamma a Daura, inda wani malami ke koya wa irinmu Turanci, maza da mata a haɗe. Ba mu yi nisa ba aka ce a raba ajin, maza daban mata daban, kuma mace ce za ta koyar da mata. Ba mu ƙi ba. Sai dai aka nemi macen da za ta koyar da Turancin aka rasa, ajin mata ya watse, kowace ta koma gida da littafinta.

Babanku ya dawo daga kasuwar Mai'adua da yamma, yana wanke ƙafa ina ba shi labari. A lokacin ɗan Inna ya gama kwalejin ilimi, Turanci ya karanta, har ya fara koyarwa a wata sakandare a Daura, kullum yana zuwa yana dawowa a kan babur ɗinsa. Ni ko sau ɗaya tunanina bai je kansa ba. Babanku ya saurare ni har na gama, ya ajiye buta.

"To ke me kike nema a Daura? Ga malamin Turanci a gidanki, yana cin tuwonki. Kuma muharraminki ne, ba mai cewa komai."

"Wane malami?"

"Ɗanki mana."

"Haba Alhaji. In zauna gabansa in buɗe baki? Gara a sallame ni."

Inna tana kan tabarmarta tana ɓarar gyaɗa, ashe kunnenta yana wajenmu. Ba ta ɗago kai ba ta ce, "Ba za a sallame ki ba. Gobe bayan la'asar ya fito da allonsa, ni zan zauna tsakani."

Da ma an ɗauki hoton darasin farko kun gani. Ɗan Inna ya jingina baƙin allo a jikin rumbu, ya tsaya da alli a hannu yana fuskantar Inna. Ni ina bakin madafa, na ba shi rabin baya, da faifai a cinyata ina tsince shinkafar da na riga na tsince tun safe. Inna tana tsakiya ƙarƙashin dogon yaro, ta miƙe ƙafafu, ita da ko baƙi ɗaya na boko ba ta sani ba. Ya yi gyaran murya.

"Inna, a gaya wa Malama, kafin ta zaɓi kalma ta tambayi kanta, abu nake yabo ko aiki nake yabo."

"Kin ji," in ji Inna.

"Inna, a ce masa ya ba da misali."

"Ka ji."

Haka muka yi ta yi. Shi ya faɗa wa Inna, ni in faɗa wa Inna, ita kuma ba ta da aiki sai kin ji da ka ji. In ya rubuta a allo sai in saci kallo da gefen ido, in ya juyo in koma kan shinkafa. In ya ce a karanta jimla da ƙarfi, sai in karanta wa tukunya. Mun yi kwanaki a haka, ban ƙaru da komai ba sai ciwon wuya. Wata rana Inna ta ture kwaryar gyaɗarta gefe ta ce ta gaji.

"Kun mai da ni wayar tarho, ko sallar la'asar ba na yi cikin natsuwa. Ku saurara. Kakanninmu da suka kafa kunyar nan, da Hausa da Fillanci suka kafa ta. Ban taɓa jin sun ce komai a kan yaren Nasara ba. In Hausa za ku yi, ku biyo ta wajena. In Turanci ne, ku yi abinku kai tsaye, ni ban ji ba, su ma ba su ji ba."

Har babanku da ya ji labari ya ce duk malaman Sandamu ba wanda zai iya warware wannan fatawa ta Inna. Washegari na juyo da kujerata 'yar tsugunno na fuskanci allo. Ɗan Inna ya gaishe ni da Turanci, na amsa masa da Turanci. Shi ke nan, karo na farko tun da na yaye shi na yi masa magana ina kallon fuskarsa. Na ga ashe yana da ɗan tabo a gefen gira irin na babana, shekara da shekaru muna gida ɗaya ban taɓa tsayawa na gani ba.

Yayanku malami ne na gaske, wannan zan iya rubutawa tunda ba a gabansa nake faɗa ba. Ya rufe littafin da ya daɗe yana ba ni tsoro, ya ce tsakar gida ta ishe mu. In ina tuƙa tuwo sai ya tsaya daga nesa ya tambaye ni da Turanci, tuwon nake yabo ko tuƙin? In tuwon ne, good. In tuƙin ne, well. Ɗan akuya ya tsinke igiya ya ruga, sai ya ce in faɗi halin ɗan akuyan, sannan in faɗi yadda ya yi gudun, in ji inda kalmar ta sauya. Kaza, rariya, hayaƙi, tafiyar Inna zuwa bayi, ba abin da bai shiga darasi ba. Abu ko aiki, abu ko aiki, har cikin salla sai in ji tambayar tana neman shigo mini in yi a'uziyya. Na yi kurakurai da suka ba gidan dariya. Wata rana ya ce in yi jimla a kan babanku, ina so in ce yana aiki tuƙuru, sai na ɗauko hardly maimakon hard, ashe na ce da ƙyar yake taɓuka komai. Ɗan Inna ya juya ya fuskanci rumbu, kafaɗunsa suna rawa. Inna ta matsa sai an fassara mata, aka fassara, ta ajiye maganar har babanku ya dawo daga kiwon shanunsa ta kai masa da zafinta.

"Ashe abin da ake faɗa a kaina ke nan da Turanci a gidan nan," in ji shi. "Gobe ni ma zan zo ajin."

Abin da ban zata ba shi ne, cikin jimlolin nan sai muka fara hira. Shi ne ya fara. Ya rubuta a allo, "My mother teaches well," ya ce in karanta in faɗi dalilin da ya sa aka zaɓi kalmar ƙarshe. Na daɗe ina kallon kalma ta biyu, ba ta ƙarshen ba. Bai taɓa kirana uwa ba a kowane harshe. Na yi kamar nahawun nake dubawa, na ba da amsa daidai, na tashi na shiga madafa na ce hayaƙi ne ya shiga mini ido. Daga ranar, duk abin da muka kasa faɗa wa juna da Hausa sai mu sa shi a misali. Ta haka na san ba ya son daddawa da yawa a miya, ya yi shekaru yana ci don kada Inna ta ce ya raina girkin gida. Ta haka na san yana tuna ranar da wani malami ya zane shi a aji huɗu, ya hango ni a bayan taga na tsaya har aka gama, na wuce kamar ban gani ba. Da muka zo kan bad da badly, ya ce in ba da misali, na kasa, sai ya ba da nasa. Ya ce akwai wata mata da ke ɓoye nama ƙarƙashin tuwo, ya dube ni ya ce, "She hides it badly." Wato ba ta iya ɓuyan ba, tun yana yaro ya san hannun da ke sa shi. Na yi dariya har na riƙe ciki, Inna tana ta tambaya me aka ce, muka haɗa baki muka ce darasi ne. Ban taɓa jin daɗin wata damina kamar wannan ba.

Matan unguwa ba su bar ni ba. A gidan biki in na shiga sai a rage murya, wata ta ce boko dai bai bar komai ba, yanzu har ana zama gaban ɗan fari ana ɓaɓɓaka dariya. Maganar ta yi mini zafi, domin ni ma da wata ce ta yi haka da ina cikin masu faɗa. Amma in na tuna yaran ajina sai in haɗiye, la'asar na yi in jawo kujerata.

Ranar jarrabawa babanku ne ya yi alkawarin kai ni Daura. Ya tsallaka Nijar ta Kongolam sayen shanu tun tsakiyar mako, ruwan sama ya tare shi a can, har gari ya waye bai dawo ba. Na fita bakin titi, motar haya ɗaya ce, direba ya rantse ba zai tashi ba sai ta cika, kuma mu biyu ne a ciki. Hawa bayan ɗan acaɓa kuwa a lokacin nan ba abin da matar aure za ta yi ba ne, ana ta wa'azi a kai. Na dawo gida da jakata ina share hawaye. Ɗan Inna yana zaure yana goge babur ɗinsa.

"Ɗauke ta," in ji Inna.

Ni da shi muka yi tsuru-tsuru. Zama gaban allo daban, hawa babur ɗaya a ratsa gari daban.

"Na ce ka ɗauke ta. Ke kuma hau, kada in saɓa miki."

Na hau, amma irin hawan da ban taɓa ganin wani ya yi ba. Na koma can ƙarshe kan ƙarfen ɗaura kaya, na dasa jakata a tsakaninmu, na riƙe ƙarfen da hannu biyu, na ja mayafi na rufe rabin fuska, na kau da kai ina kallon gonakin gero. Shi kuma ya matsa gaba har ya kusa hawa tankin mai, ya miƙe ƙyam kamar an sa masa sanda a riga. Ku tuna kuma ni ƙaramin jiki gare ni, har na haifi Sadiya ana tambayata ko ni ce babbar 'yar gidan, shi kuwa ya ɗauko tsawon babanku da gemu.

A mashigar Daura akwai wasu samari 'yan sa-kai da kan tsaya da safe suna yi wa masu babur nasiha in sun ga sun ɗauko mata. Ɗaya daga cikinsu ya ɗaga mana hannu. Yaro ne mai ladabi, ya yi sallama, ya dube ni, ya dubi ɗan Inna, ya dubi filin da ke tsakaninmu.

"Malam, wace ce ka ɗauko?"

"Malama ce."

"Malamar wa? Iyalinka ce?"

"Subhanallahi. A'a."

"To wace ce?"

Ɗan Inna ya sunkuyar da kai yana kallon kan babur, da ƙyar ya ce, "Mahaifiyata ce."

Yaron ya yi murmushi, ya kira abokinsa. "Malam, ka yi haƙuri, duk wanda muka tsayar haka yake cewa. Wace uwa ce ke zama da ɗanta haka, kamar yau suka fara haɗuwa a tasha?" Ya juyo gare ni. "Hajiya, wannan wane ne a wajenki?"

Bakina ya riga hankalina. Na ce, "Ɗan Inna ne."

"To ka ji. Ɗan Inna ne, ba nata ba."

Suka ce mu sauka. Suka ja shi gefe ƙarƙashin wata bishiya suka tambaye shi sunansa a hankali yadda ba zan ji ba, sannan na farkon ya dawo wajena. Ya ce ba sa son ɓata mana lokaci, magana ɗaya ce, in ɗana ne in faɗi sunansa mu wuce. A wajensa ba abin da ya fi wannan sauƙi, yaron birni ne, wataƙila uwarsa tana kiran sunan kowa a gidansu. Ni kuwa na tsaya a bakin titi, mutane sun fara taruwa, mai shayi ya bar tukunyarsa ya matso. Na tuna fatawar Inna, na duba ko za ta cece ni, na ga suna ba shi da Turanci ba shi da Hausa, yadda ka faɗe shi ka faɗe shi. Ina hango wasu mata da fensir a hannu suna sauri zuwa makarantar da za a yi jarrabawar, kuma na san in aka rufe ƙofa ba a buɗewa. Na tuna ajina, da tagar da ba ta rufuwa, da yaran da ke rugowa su karɓi jakata tun daga bakin hanya. Na dubi ɗan Inna. Bai roƙe ni da ido ba, ya kau da kai don ya sauƙaƙa mini, kuma wannan ne ya ƙarasa ni. Na sauke mayafi daga fuskata.

"Sunansa Nasiru. Nasiru ɗana ne, ni na haife shi, ranar Juma'a da damina, a ɗakin uwata. Yana da tabon fartanya a ƙafar hagu, ku ce ya cire takalmi ku gani. Ba ya son daddawa. Shi ya koya mini abin da zan je in rubuta yanzu, kuma in kuka sa aka rufe ƙofar nan, ku za ku je ku koyar da aji biyu."

Wani dattijo da ke jagorantar samarin ya taso daga kan benci yana gyara rawani, ya dube ni ya dubi yayanku.

"Baiwar Allah, ɗan fari ne?"

Na gyaɗa kai.

Ya dafe kai, ya juya ga yaran. "Kun san abin da kuka sa ta yi kuwa? Ku je ku tambayi kakanninku." Ya ba ni haƙuri har sau nawa, yaron da ya tsayar da mu ya durƙusa har ƙasa yana cewa in yafe masa. Na yafe masa nan take, ai aikinsa yake yi, kuma zaman da muka yi a babur ɗin nan ko ni ce na gani sai na tsayar. Dattijon ya sa shi ya hau nasa babur ɗin ya shige gabanmu yana ta oda, yana buɗe mana hanya har ƙofar makarantar. A hanya na ga bayan yayanku yana girgiza, ban sani ba dariya yake yi ko kuka, daga baya ya ce duka biyun ne. Da muka faɗa wani rami na saki ƙarfen na riƙe gefen rigarsa, ban sake ta ba har muka isa.

Na shiga ana shirin rufe ƙofa. Ban san ko don na riga na yi abin da ya fi jarrabawar wuya ba ne, amma da aka raba takarda hankalina a kwance yake. Na buɗe sashen da ya saba kayar da ni, na ga 'yan biyun nan jere suna jirana, sai na ji kamar na shiga tsakar gidanmu. Ga tuwo ga tuƙi, ga ɗan akuya ga gudunsa. Da na zo kan hard da hardly sai da mai gadin jarrabawa ya harare ni, domin dariya ta kuɓuce mini.

Labari ya riga mu isa Sandamu, direban motar da ta ƙi cika ne ya wuce ta wurin ya kwashe shi duka. Na tarar da Inna a kan tabarmarta ta haɗe rai.

"An ce kin yi shela a bakin titi."

"Dole ce ta sa, Inna."

"To faɗa mini yadda kika faɗa."

"Ba zan maimaita ba."

Ta ja carbinta, ta ce, "Ni na zaɓa masa sunan nan. Tun ranar suna nake son in ji yadda zai fito a bakinki, ga shi masu shayi sun riga ni."

Abin ya ci mini wani abu, ba zan ɓoye muku ba. Gwaggona, ƙanwar babana, ta daina amsa gaisuwata har sai da babbar Salla ta zo. Matan unguwa suka yi shekaru suna tsokanata, in na wuce a ce ga mai shela. Ni kaina na ji kamar wani abu da uwata ta ba ni riƙo ya faɗi a bakin titin nan, kuma ban iya ɗauko shi yadda yake ba. Shi ya sa na koma ga kunyata na riƙe abin da ya saura da kyau, shi ne kuke gani yau kuna fassara shi yadda kuka ga dama.

Sakamako ya fito bayan an gama girbi. Yayanku ne ya je ya duba. Ina tankaɗe a bakin madafa bayan la'asar na ji tsayuwar babur ɗinsa, ya shigo ya tsaya a jikin rumbu inda allonmu yake jingine. Inna ta gyara zama, tana jiran a ce a gaya wa Malama. Bai dube ta ba, ni ya duba.

"You did well, Mother."

Ya zaɓi kalmar daidai, aiki yake yabo. Na ajiye rariya. Da Turanci ya kamata in amsa, hanya a buɗe take, ba mai cewa komai. Amma ga tsohuwa zaune ta kasa kunne, ta rena mini shi tun daga yaye har gemu.

"Allah ya yi maka albarka, Nasiru," na ce, da Hausa, yadda za ta ji.

Inna ta rangaɗa guɗa da muryarta ta tsufa har kaji suka watse. Na koma ajina washegari, ban bar shi ba sai da na yi ritaya. Sau biyu ke nan na kira sunan yayanku a duniya, kuma ba na jin zan ƙara. In har yanzu kuna shakka, ran da ya zo cin abinci ku ɗaga tuwonsa ku duba.